Ruwa ya shigo mana ɗaki a Alajo: me zan tanada, kuma ina zan ajiye shi?

Maman 'Yan Biyu, Alajo

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina karanta abin da kuke rubutawa ban taɓa sa baki ba, yau dai dole ta sa. Ina Ankara, tamu ta Gana ba ta Turkiyya ba, a Alajo, cikin gidan haya mai ɗaki goma sha ɗaya. Namu ciki da falo ne, can ƙurya ta wajen kwata. Koko da ƙosai nake sayarwa da safe a bakin titi. Maigidana direban babbar mota ne, daga Tema zuwa Wagadugu, in ya tafi sai ya yi kwana goma ko sati biyu ban gan shi ba. A ɗakin akwai ni, da 'yan biyuna masu shekara shida, da jaririya 'yar wata tara, da mahaifiyarsa da muke kira Mma. Mma tana da hawan jini da ciwon suga, ga ƙafa ba ta takawa sosai.

A watan Yunin da ya wuce aka yi ruwan nan na dare. Mu 'yan bakin rafin Odaw mun saba: in hadari ya haɗu sai ka cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa, ka ɗora takalma a kan kujera, ka kwanta. Haka na yi. Wajen ƙarfe ɗaya na ji wani abu yana bugun ƙafar gado, kwas, kwas. Na zaci ɓera ne. Ashe bokitin wankan yara ne yake yawo a tsakar ɗaki. Da na sauke ƙafa sai na ji sanyi har idon sawu. Wuta an ɗauke. Na laluba tocila, babu batir, yaran sun yi wasa da ita sun bar ta a kunne. Wayata saura kashi huɗu, da ita na haska na ga abin da ya shigo. Wanda bai taɓa ganin ruwan Odaw a ɗakinsa ba zai ɗauka ruwan sama ne. Baƙi ne, da wari, da ledoji, da abin da ba zan rubuta ba. Kafin kiran sallar farko ya kai gwiwa. Na goya jaririya, na ɗora 'yan biyu a kan tebur, ni da yaron maƙwabta muka ciccibi Mma muka kai ta barandar masallacin layinmu, don shi da ɗan tudu.

Gero na sati biyu da rabin buhun wake duk a ƙasa suke, sun tafi. Gawayi ya jiƙe. Katifa kam ba a magana. Amma abubuwa uku ne suka fi ci mini rai. Takardun haihuwar yara suna cikin akwati a ƙarƙashin gado, na ɗaga su suna yagewa a hannuna kamar jiƙaƙƙen burodi. Maganin Mma yana cikin leda a gindin gadonta, ya narke ya zama kunu, ta yi kwana biyu ba ta sha ba. Na uku kuwa har yanzu in na tuna sai in yi dariyar takaici: ina da sidi 600 a MoMo, wato asusun kuɗi na waya, waya ta mutu, mai MoMo na layinmu shi ma yana kwashe ruwa a kantinsa, burodin sidi biyar ya gagare ni. Sai da matar liman ta ba yarana shayi.

Ɗan yayata ya turo mini wani dogon jeri daga intanet, wai kayan da ya kamata kowane gida ya tanada. Abincin gwangwani na wata uku, janareta, ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Na ce masa mu ɗakin saman ƙasa ma ruwa ya ci, balle na ƙarƙashi. Abin da zan iya warewa bai wuce sidi 20 zuwa 30 a sati ba, wani satin ma babu.

To ga tambayata. Da wannan ɗan kuɗin, me zan fara saya? Kuma in na saya ina zan ajiye, tunda ƙasa ba ta da amana, mai gidan kuma ba ya son a buga ƙusa a bango? Ba ruwa kaɗai nake tsoro ba. Duk lokacin zaɓe ko in rigima ta tashi a unguwa aka rufe shaguna, ni kaɗai ce babba mai ƙafa a ɗakin. Sannan Mma ta ce wannan tanade-tanaden kamar kiran masifa ne, mutum ya dogara ga Allah kawai. Ban iya yi mata musu ba, surukata ce.

Tsohon Tela, Asawase

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya mayar da alheri. Jikana ne yake rubuta mini, ni ido ya yi nisa, in an ga kuskure nasa ne.

Zan fara da maganar Hajiya surukarki, don in ba ta yarda ba, duk abin da kika ajiye za ta ba almajiri. Kada ki yi mata musu. Ki sa a karanta mata Suratu Yusuf, ko ki kunna mata tafsirinta. Annabi Yusuf, alaihis salam, ya ce a yi noma shekara bakwai, abin da aka girbe a bar shi cikin zangarniyarsa, sai kaɗan da za a ci. Bai tsaya a kan a ajiye ba, har yadda za a ajiye kada ya lalace ya faɗa. Ga kuma mutumin da ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya yi tawakkali, aka ce masa ɗaure ta sannan ka yi tawakkali. Hajiya ta san waɗannan duka, tunatarwa ce kawai. Kuma mu tsofaffi in aka ce mana ana shirin gudu, abin da muke ji shi ne mu ne nauyin. Ki lura da wannan.

Abin da za ki fara kuwa, takarda ce, ba abinci ba. Ina saurayi ina koyon ɗinki a nan Kumasi a 1969, gwamnatin firaminista Busia ta ba da umarni cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar cikin sati biyu. Mutanen zango da aka haifa a nan, iyayensu ma wasu a nan aka binne su, suka rasa abin da za su nuna. Na ga keken ɗinki ana sayar da shi kuɗin da bai kai na kansa kaɗai ba. Na ga motoci cike da mata da tukwane sun nufi iyaka, zuwa garuruwan da yaran ba su taɓa gani ba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana da wani gwangwanin biskit, duk takardar da hukuma ta taɓa ba shi tana ciki, har rasiɗin haraji. Muna yi masa dariya a da. Daga shekarar nan ba wanda ya ƙara yi. Ba na cewa irin wannan za ta sake faruwa, amma ɗan zango da ba shi da takarda har gobe tambayarsa ake yi daga ina kakansa ya zo. Ki je ki sake fitar da takardun yaran nan tun kina tuna komai, ko da sidi 30 ɗin na wata guda zai tafi a kai. Su da Ghana Card da katin asibiti da takardar haya, a leda biyu, cikin roba mai murfi, a rataye.

Abinci kuma, ni garin rogo na sani. A 1983 fari ya haɗu da gobarar daji, ga 'yan Gana kusan miliyan ɗaya da Najeriya ta koro a shekarar, kowa ya rame har ƙashin wuya ya fito, ana kiransa sarƙar Rawlings, shugaban ƙasa na lokacin. Lokacin kuma akwai dokar hana fita da dare. Wanda yake da shinkafa sai ya nemi wuta da ruwa da mai. Mai gari da suga da ƙuli-ƙuli kuwa kwano kawai yake nema. Ki sayi olonka ɗaya na gari, gwangwanin awon nan na kasuwa, ki zuba a jarka busasshiya mai murfi, ƙwaro ba ya shiga, ruwa ba ya shiga, in ta faɗa ruwa ma iyo za ta yi.

Batun rigima, a 2016 da aka yi ta Old Tafo a nan Kumasi a kan filin maƙabarta aka sa dokar hana fita, ƙanwar matata tana can. Ba yunwa ce ta dame ta ba, rashin sanin inda ɗanta yake ne. Naki ƙanana ne. Ki koya musu tun yanzu, in an ji hayaniya ɗaki ake shiga, ba ƙofa ake leƙawa ba.

Anti Nas, Mamobi

Sannu 'yar uwa, Allah ya kiyaye gaba. Baba ya yi magana, amma da izininsa zan ɗan saɓa masa a wuri ɗaya. Takarda in ta lalace ana sake ta ko bayan shekara. Mai hawan jini da ya yi kwana biyu ba magani cikin tashin hankali, abin da zai same shi ba a sake shi. Don haka ni maganin Mma ne farko, kuma ba ya cin kuɗi, dabara ce. Ki riƙa zuwa karɓar sabo tun saura na sati ɗaya a hannu, kada a jira ƙwayar ƙarshe. Wannan na sati ɗayan shi ne ajiyarki, kina juya shi duk wata don kada ya tsufa. Ki sa a rubuta miki sunan kowane magani da yadda ake sha a takarda, don in kwalin ya tafi, "farar ƙwaya ƙarama" ba ta isa a ba ki komai a kantin magani ba. Katin NHIS ɗinta, na inshorar lafiya, ki duba bai mutu ba, ana sabunta shi ta waya da *929#, ba sai kin bi layi ba.

Gari da suga da Baba ya ce, na ki da yara ne. Mma ki ajiye mata gyaɗa da kifin gwangwani. Amma ki sa ɗan suga ko dabino a jakar maganinta, don mai shan maganin suga in bai ci abinci ba sugar na iya faɗuwa. In kin ga tana gumi, jiki na rawa, magana ta fara rikicewa, kuma tana iya haɗiya, ki ba ta abu mai zaƙi nan take. Ƙafarta kuma kada ta taka ruwan nan. Ɗan yanka kaɗan a ƙafar mai suga cikin ruwan kwata shi ne muke jinya wata da watanni.

Sai ruwa. Jakar fiya wata, wato ruwan leda, leda 30 ce, kowace rabin lita, wato lita 15. Ku biyar, ke kuma kina shayarwa, jaka ɗaya ba za ta wuce kwana ɗaya da rabi ba in sha kawai ake yi. Ki nemi jaka biyu ko uku, ki ɗora a sama, ba a rana ba, kuna sha kuna mayarwa. Wani abu da mutane ba sa lura: da haƙori muke huda ledar nan. In ruwan ambaliya ya taɓa bayanta, ruwan ciki mai tsabta ne amma bakinki ya riga ya taɓa ƙazantar. A wanke bayan leda da sabulu tukuna. Galan ɗin Kufuor, babbar jarkar nan mai ruwan ɗorawa, guda ɗaya kullum a cike don wanke hannu da kwano. In ruwan da kike shakka ne kawai ya rage, ki tafasa shi ya yi ta ɓulɓula minti ɗaya, ko ki sa Aquatabs, ƙwayar tsabtace ruwa, yadda aka rubuta a jikin takardarsa ki jira minti 30. Shi ya fi sauƙi ranar da gawayi ya jiƙe.

Ina nanata wannan ne don ina aiki lokacin kwalarar 2014. Sama da mutum 20,000 suka kamu a ƙasar nan, mafi yawa a Ankara, sama da 200 suka rasu, kuma unguwanni irin namu masu banɗakin haya da kwata a buɗe su suka fi shan wuya. Mun ga babba ya shigo da ƙafarsa da safe, zuwa la'asar ido ya faɗa. Ki ajiye ORS, garin gishiri da suga na masu zawo, kamar guda shida da ƙwayar zinc ta yara, ba su da tsada. In babu, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato leda biyu, ƙaramin cokalin shayi shida na suga a shafe ba a tule ba, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kada a ƙara gishiri don a ga ya yi ƙarfi. In zawo ya zama kamar ruwan wankin shinkafa, ana ba da ruwan ana tafiya asibiti, ba a jira gari ya waye. Jaririya kuwa nono, nono, nono. Ko kin ji kamar ya ragu don firgita, ki ci gaba da ba ta, zai dawo.

Na ƙarshe: in ɗaki ya yi sanyi bayan ruwa, kada ki shigo da kurfoti, murhun gawayi, ki rufe ƙofa don katifa ta bushe. Hayaƙin gawayi wanda ke kisa ba shi da wari.

Abokin Kowa, Circle

Yaya sannu. Ni gyaran waya nake yi a Circle, babbar mahaɗar nan ta Kwame Nkrumah a Ankara, a da kuma na yi aikin wayarin. Da na karanta inda kika ce kin sauke ƙafa cikin ruwa sai gabana ya faɗi. Ki gode wa Allah an ɗauke wuta a daren. Karo ɗaya kenan da dumsor, ɗauke-ɗauken wutar nan, ya yi wa mutum rana. A ɗakunanmu ekstenshan a ƙasa yake, firji da fanka da caja duk a jikinsa. In wuta na nan ruwa ya hau shi, shi kenan. Gobe da safe ki sa a nuna miki babban makunnin da ke kashe wutar ɗakinku, ki gwada shi da hannunki. In hadari ya yi baƙi da dare ki ɗaga ekstenshan sama kafin ki kwanta. In ruwa ya fara shigowa ki kashe makunnin tun kina tsaye a busasshen wuri. In kin riga kin tsaya cikin ruwa, kada ki taɓa shi. Bayan ruwa ya janye ma kada a kunna sai soket ya bushe an duba.

Ranar Laraba 3 ga Yuni 2015 ina Circle. Na rufe shago da wuri don ruwa ya fara, na samu trotro, motar haya, ta ƙarshe kafin hanya ta toshe, abin da ya raba ni da wurin ke nan. Mutane sun fake a gidan mai suna jiran ruwa ya tsagaita, mai ya malalo yana yawo a saman ruwan, wuta ta kama. Sama da mutum 150 suka rasu. Akwai waɗanda muke cin waake tare a cikinsu. Tun ranar ba na fakewa a gidan mai ko da ƙanƙara ake yi. Ki zaɓi inda za ku gudu tun yanzu, ki bi hanyar da rana ki ga inda kwata take a buɗe, don in ruwa ya rufe titi ba a bambance kwalta da rami. Barandar masallacin nan in ta tsira a wancan karon, to ita ce, sai ki gaya wa maigida da maƙwabta cewa can za a same ku.

Kayan sayayya ta ɓangarena: fawa banki ɗaya, kada ki sayi mai arhar nan da ake yawo da shi a tire, wasu in ka buɗe yashi ne rabin cikinsu. Ki yi masa caji duk Juma'a. Tocila mai batir, batirin a waje cikin leda, yara ba su san inda yake ba. In akwai tsohuwar ƙaramar waya mai madannai a gidan kada a yar, cajinta na kwana uku, tana da rediyo da tocila. Rediyon nan yana da amfani, Marhaba FM da sauransu suna faɗin hanyar da ta toshe, kuma in hukumar yanayi ta yi gargaɗi a nan za ki ji. Kuɗi a hannu, ƙanana, biyar-biyar da goma-goma, ko sidi 100 ne. Ranar wahala ba mai canjin 200. Lambobi a takarda, don yanzu ba wanda ya haddace ko ta matarsa. Ta gaggawa 112 ce, 'yan kwana-kwana 192. NADMO, hukumar agajin gaggawa, ma ana kiransu, amma ki sa a ranki cewa daren da ruwa ya shiga ɗakinki ya shiga dubban ɗakuna, wanda zai fara zuwa shi ne yaron maƙwabtan nan. Ki riƙa ba shi ƙosai.

Rigima kuma, rabinta a WhatsApp ake yin ta. Kun tuna Janairun 2010, bayan girgizar ƙasar Haiti, da aka yi ta kiran waya cikin dare wai ƙasa za ta girgiza kowa ya fito? Muka kwana a fili da tabarmi har asuba, ba abin da ya girgiza sai mu. Ankara tana girgiza da gaske, an yi babba a 1939, mun kuma ji ƙanana a 2018 da 2022, amma ba wanda yake sanin ranarta. In an turo miki murya wai ana kashe-kashe a wuri kaza, kira wanda yake wurin kafin ki goya yara ki fita.

Hajiya Madina

Ni dai gaskiya zan faɗa ko ba daɗi. Duk wannan jarka da tocila kwaskwarima ce. Alajo ruwa yake ci tun muna yara. Ki tattara yaranki ki tashi. Mai ciwon suga da jaririya a bakin Odaw, haba.

Maman 'Yan Biyu, Alajo

Hajiya na gode, kuma ba ki yi ƙarya ba. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Doka ta ce adibas ɗin haya kada ya wuce wata shida, ke ma kin san ba mai ba ka ɗaki a Ankara sai ka ajiye na shekara ɗaya ko biyu. Namu mun biya, saura wata goma sha huɗu, ba kuma za a mayar mana ba. Masu sayen kokona a nan suke, shekara tara ina wuri ɗaya. In na koma Madina ko Kasoa wa ya san ni? Muna tara na tashi, Allah ya nufa. Kafin nan damina biyu ce a gabana, ta Satumba da ta baɗi, su nake tambaya a kai.

Inna Mai Atamfa, Aboabo

'Yata, abin da ba a faɗa ba shi ne ba dole ajiyarki ta zauna a ɗakinki ba. Mu ma a Aboabo rafi yana shigo mana. Lokacin kullen korona, daga 30 ga Maris 2020 aka rufe Ankara da Kumasi sati uku, mu mata bakwai a gidanmu muka ga wadda take ci daga cinikin yau ba ta kai kwana huɗu. Daga nan muka buɗe wani adashi daban, ba a ɗauka, na buhu ne. Muka sayi shinkafa da gari da mai da gawayi, aka ajiye a ɗakin wata da ke bene a gidan kusa, mabuɗi biyu a hannun mutum biyu. Duk wata uku muna rabawa mu ci, mu sayi sabo. An yi faɗa a kai, ba zan ɓoye miki ba, har wata ta fita don ta ce an fi ba wata. Amma yana nan har yau.

Geronki da wakenki jari ne, ba abincin gida ba. Kada ki ƙara tara na sati biyu a ɗaki daga Mayu zuwa Yuli, ki sayi na kwana huɗu-huɗu ko da ya ɗan fi tsada. Mu 'yan kasuwa mun koya da wuta. Kasuwar Kejetia ta kama a 2023, ta Kantamanto ta ƙone a farkon Janairun 2025, waɗanda suka tashi da wuri su ne waɗanda ba duk kayansu ke rumfa ɗaya ba.

Maman 'Yan Biyu, Alajo

Na dawo bayan sati uku, don kada ku ce na ci na goge baki. Allah ya saka wa kowa.

Baba, dabararka ta ci. Ban ce wa Mma komai ba, tafsirin Suratu Yusuf na kunna ina tsince wake. Da aka zo wajen zangarniya ta yi shiru, can ta ce, "Ke, wannan jarkar ta manja da kika wanke, ba ta bushe ba, gari zai yi tsami." Ita ta sa aka shanya ta kwana biyu a kife. Yanzu ita ce mai tsaron kayan, carbinta a hannu, jarka a saman kwabar da ke kanta. Na kuma lura da abin da ka ce. Na gaya mata in ruwa ya zo ita za ta riƙe jakar magani da takardu, ni in riƙe yara. Tun ranar ta daina cewa a bar ta a ɗaki.

Anti, maganin sati ɗaya ya samu, an rubuta mini sunayen. ORS shida, zinc, fiya wata jaka biyu. Jaka ta uku ba ta samu wuri ba. Takardun haihuwa na fara bi, an ce in dawo, na koma an ce in sake dawowa, muna nan dai.

Yaya na Circle, na gano makunnin. Ashe ɗaya ne da na ɗakin maƙwabciyata, na gwada shi tana tsakiyar kallon fim, sai da na ba da haƙuri da ƙosai. Fawa banki na saya, maigida ya dawo ya gan shi ya yaba, ya tafi da shi Wagadugu. Kuɗin hannu na haɗa sidi 80, na ci 30 ranar da jaririya ta yi zazzaɓi, zan mayar.

Maganar bene, mata uku a gidanmu sun yarda, biyu sun ce sai sun tambayi mazansu. Matsalar ita ce bene ɗaya ne a layinmu, kuma matar gidan ba ma gaisawa sosai tun wata rigimar igiyar shanya. Matar liman ta ce za ta shiga tsakani.

Ƙusa kuwa mai gidan ya ƙi, wai bango zai tsage, bangon da ruwa ya riga ya ci rabinsa. Wani kafinta ya ce zai yi mini kanta mai ƙafa huɗu wadda ba ta taɓa bango, tsayin ƙirjina, amma katakon da kuɗina zai saya in ƙafarsa ta sha ruwa sau biyu ta ruɓe. Mai walda kuma kuɗinsa ya ninka. Akwai wanda ya taɓa sa ƙafar kanta cikin gwangwanin tumatir ya cika da siminti? Wani ya ce mini yana riƙewa, amma ina so in ji daga bakin wanda ruwa ya gwada nasa kafin in ba kafinta kuɗi ranar Asabar.